Ɗakin Tabarmi a Waƙar Gemun Masara

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Daga Haɗeja zuwa Kano.

Zuwa ga Na Goggo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta riske ka kafin jirginku ya ɗaga. Allah ya tsare ka a sama, ya tsare ka a ƙasar da za ka sauka, ya haɗa ka da mutanen kirki, in kuwa sun yi ƙaranci a can, ya nisanta ka da na banza. Na ba direban motar kifi ita, in ka ji tana warin banda kada ka yamutsa fuska, warin da ya biya maka makaranta ne.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Ka zo sallama ranar kasuwa, ka durƙusa a bakin rumfa ka ce, Baba, Baturen nan ya aiko da tikiti, zan tafi Ingila in riƙa kaɗa masa jita. Na ce Allah ya kiyaye, na juya ina ciniki da wata Bayarabiya. Ka tashi ka tafi kana ganin ko a jikina. To ka sani, matar nan ta kwashi kwandon banda a farashin da ko mahaukaci ba zai sallama ba, har tana waiwayena ko zan dawo hayyacina in bi ta.

Jita ban hana ka ba, ko da yake a zuriyarmu shanu muka sani, sannan kasuwa, ba a taɓa makaɗi ba sai a kanka. Jirgi ma ba ya ba ni tsoro, na hau shi zuwa Makka. Tsorona ɗaya ne: mutumin nan da za ka zauna a gidansa ya taɓa sa ni a waƙa, kuma ina jin tsoron ka ba shi abin da zai sake sa ni da shi. Ka san ƴan kasuwa na kirana Sarkin Tabarma, amma lokacin da abin ya faru kana makarantar kwana, rabin labarin kawai ka ji. Ga shi duka, tare da wautar da na tafka a kowane mataki, don ka san inda ramukan suke.

Wautata ta farko, na auna shi da ido. Shekarar da aka gama yaƙin basasa ce, ruwa ya cika fadama bai gama janyewa ba, wata tsohuwar jif ta tsaya a bakin kasuwa. Wani dogon Bature ya fito, gashi har kafaɗa, ja-ja kamar gemun masara, kuma sunan da ya bi shi ke nan har yau. Wando da faci a gwiwa, ƙafa ba takalmi. Mu Turawan da muka saba gani masu gajeren wando ne da doguwar safa, masu duban agogo. Modu mai goro, Babarbaren nan da ba ya raga mini, ya leƙo daga rumfarsa ya ce, “Garba, ga wanda talauci ya koro daga Turai. Kai da ka yi makarantar midil, je ka ji ko sadaka yake nema.”

Na je. Ya ce yana son a kai shi fadamar Baturiya ya ga tsuntsaye, wai daga ƙasarsu suke gudun sanyi su zo nan. Na ji tausayinsa, wallahi. Na saya masa fura, na ba shi tsohon takalmina. Ya karɓa ya sa yana godiya. Sai da aka kwana biyu direbansa, wani Buzu da ya tsallako da shi Sahara, ya gaya mini cewa mutumin nan yana da gidan da akwai ɗakunan da bai taɓa shiga ba, kuma in ya fito titi a garinsu sai ƴan sanda sun tare masa mutane. Ni da nake gane mai kuɗi daga takunsa tun yana ƙofar kasuwa, na ba attajiri kwancen takalmi. Saboda haka in ka je, kada ka auna kowa da riga. A can mai abu shi ke sa tsumma. Ka duba wa ke jiran wa, wa ke dariya in wa ya yi magana. Nan za ka san babba.

Wauta ta biyu ta fi wannan. Na tambaye shi sana’arsa, ya ce waƙa. Na ce to madalla, ashe maroƙi ne, na san inda zan ajiye shi.

Na ce, “Wane ne ubangidanka? Sarauniya ce ko wani basarake?”

Ya yi dariya ya ce ba shi da ubangida.

“To wa kake yabo?”

“Ba na yabon kowa.”

“To wa ke ba ka doki da riga?”

Ya ce mutane ne ke biya a ƙofa su shiga su saurare shi, wasu kuma su sayi faifansa su kai gida.

Na ce, “Su biya kuɗinsu don a yabi wa?”

Ya ce, “Don su ji abin da ke damuna.”

Na ɗauka Turancina ne ya gaza, na sa ya maimaita. Haka ɗin ne. Daga nan ya shiga ba ni tarihinsa, ni kuwa baki buɗe. An haife shi a wani gari na bakin teku, ubansa ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Ya sayar da kekensa ya sayi jita, ya bar makaranta. Su huɗu suka haɗu suna kiɗa a gidajen giya na ƙarƙashin ƙasa, ana biyansu da abin da bai kai kuɗin mota ba. Shi ke tsara waƙar, shi ke rerawa, ba ƴan amshi, ba sanƙira. Wata rana wani mai kamfani ya ji su ya buga su a faifai, sai duniya ta buɗe. Ya ce ƴan mata kan yi ta ihu har su suma, ba ma sa jin abin da yake faɗa. Ya ce akwai ranar da ya gama wasa ya ɗaga jitar ya maka ta da ƙasa, ta tarwatse, jama’a suka yi ta tafi. Na ce, ka fasa abin sana’arka da hannunka, ba aljanu ba, ba komai ba? Ya ce ai washegari an kawo wata. Bayan nan su huɗun suka ɓata, abokan da suka yi kwanan yunwa tare suka koma magana ta bakin lauya. Ya ci gaba shi kaɗai. Matarsa ta fita, ya yi faifai guda sukutum a kan fitarta, har da abin da ta faɗa masa a bakin ƙofa. Ya faɗa shan ƙwaya, ya yi waƙar wannan ma. Da likita ya ce ko ya huta ko a binne shi, shi ne ya biyo tsuntsaye.

Mai hankali da ya ji wannan sai ya ja jiki. Ni kuwa sai ɗan kasuwar cikina ya motsa. Na ce a raina, mawaƙi dai mawaƙi ne, ko fari ko baƙi, in ka cika masa hannu zai cika maka suna. Attajiran Kano ana kiran sunansu a rediyon Kaduna suna hura hanci. Ni in aka kira nawa a London fa? Na ɗauko babbar rigata mai aska takwas, na sayi rago, na kai masa masauki da rana tsaka don kowa ya gani. Na ce ga tukuici tun kafin aiki, a sa Garba mai banda a waƙa. Ya sa rigar a kan wandon facin nan. Ragon kuwa ya ƙi a yanka, ya raɗa masa suna, ya riƙa ba shi biskit. Ya kama hannuna ya ce, “Garba, na yi alkawari.” Kuma ya cika, abin da ya kashe ni ke nan.

Ka riƙe wannan da kyau. Mawaƙin da ke da ubangida yana da linzami. In ya taɓa mutuncinka ka san ƙofar da za ka kai ƙara, a kira shi a tsawata masa, gobe ya fito ya wanke ka da wata waƙar. Wanda ba shi da ubangida ba inda za ka kai shi. Mawaƙanmu suna cin abinci da girman mutane, shi yana ci da ciwonsu. Ya fara da nasa, in ya ƙare ya waiwayi na wanda ke kusa. Kai ne za ka zama na kusa.

Wauta ta uku a cikin kwalekwale na yi ta. Mun shiga fadamar Baturiya da hantsi, mai fito yana tura mu da gora cikin bado da ciyawar ruwa, agwagin ruwa suna tashi garke-garke har su rufe rana. Mai fiton ba ya jin Turanci, ba kowa sai mu da ruwa. Gemun Masara ya ajiye madubin hangensa ya ce bari ya gaya mini waƙarsa da ta fi kowace karɓuwa. A kan ubansa ya yi ta. Wai tsohon tun da ya dawo daga babban yaƙinsu ya samu kujera a gefen murhu ya zauna, ba ya magana da kowa. Bai taɓa kiran ɗansa ya zaunar da shi ba, bai taɓa zuwa kallon wasansa ba.

Na ce, “Allah ya ji ƙansa. Yaushe ya rasu?”

Ya ce, “Yana nan da ransa.”

“Yana da rai ka yi masa wannan waƙar?”

“Yana jin ta a rediyo. Maƙwabta ma suna ji.”

Na yi salati a fili har mai fito ya waiwayo ko kada na gani. Mutum ya tuɓe ubansa a kasuwa, a tafa masa, a ba shi kuɗi ya gina gida. Ina cikin wannan juyayi sai na ga hawaye a idonsa. Ya share, ya zuba mini ido. Bai tambaye ni komai ba.

Ka san wannan dabarar, a rumfata ka gan ta. Ka ɓantari kifi ka miƙa wa mai wucewa ka ce ɗanɗana, kyauta ne. Da ya tauna, kunya ba za ta bar shi ya tafi hannu wofi ba. Shekara da shekaru ina yi wa mutane, ranar nan aka yi mini ban gane ba. Na ji nauyin a ce baƙo ya buɗe mini cikinsa ni na bar nawa a ƙulle. Sai na ba shi labarin innarka.

Na gaya masa yadda ta koma gidan wanta a Kafin Hausa kana ƙarami, saboda bakina da ba ya raga wa kowa, da yadda girman kai ya hana ni biko har idda ta cika. Na gaya masa tana saƙar tabarmar kaba tana aikawa kasuwa. Na gaya masa abin da ko Modu bai sani ba: duk ranar kasuwar Kafin Hausa nakan je da sunan sayen gero, in tura wani dillali ya saye tabarminta kaf, ya ce wani Alhaji ne daga Kano ba ya son saƙar kowa sai tata. In ta fito karɓar kuɗi a ƙofar gida, ina can gindin tsamiya ina gyara sirdin keken da ba abin da ya same shi. Tabarmin kuwa ba na iya sayarwa, ba na iya kyautarwa, don kowa ya san hannunta. Ɗaki guda na ware musu, sun kusa taɓa rufi. Ya saurara har na kai ƙarshe. Na ce a raina, Bature ne, jibi zai tafi, maganar ta nutse a ruwan Baturiya.

Don haka in ya ba ka nasa, ka ce Allah sarki, ka yi masa addu’a, ka tashi ka duba ko shayi ya tafasa. Ba bashi ba ne. Kai ba ka roƙe shi ba.

Ya tafi, ya bar maka tsohuwar jitarsa saboda yadda ka maƙale masa da ka zo hutu. Aka yi damina biyu, sai ga ƙunshi daga gidan waya: faifai, da hotonsa sanye da rigata, ya zagaye waƙa ɗaya da jan alƙalami. Nan na yi wauta ta huɗu, wadda ko yaron shago ba zai yi ba. Na baje kaya a gaban masu saye ban buɗe na duba ba. Na ari garmaho, na sa aka yi shimfiɗa a ƙofar rumfa bayan la’asar, na raba goro, na gayyato ƴan kifi da ƴan hatsi da mahauta. Har Malam Ado na firamare na aika wa, don a samu mai shaida cewa sunana ne da gaske.

Aka ɗora allura. Ba ganga, ba hayaniya, jita ce kawai a hankali, sai muryarsa. Ga sunana nan tangaram, Garba, har da Haɗeja. Jama’a suka ɗauki sowa. Ni kuwa ina jin abin da ke biye da sunan. Turancin a sarari yake, kamar don ni ya rage gudu. Ga tsamiya, ga keke, ga dillali, ga Alhajin Kano na ƙarya. Ga ɗaki cike da tabarmin da ba wanda ya taɓa kwanciya a kansu. Bai rage komai ba, bai ƙara komai ba. Na ji kamar an zare mini wando a tsakiyar masallacin Idi.

Modu ya ce, “To malam tafinta, me yake cewa?”

Ban san lokacin da bakina ya kama aiki ba. Na ce, “Cewa yake, Garba kogin da ba ya ƙafewa, mai bandar da ta ciyar da Ikko. Garba mai ɗaki cike da dukiya har rufi.”

Modu ya karkata kai ya ce, “To me ya sa muryarsa kamar an aiko masa da rasuwa?”

Na ce, “Haka Turawa ke yabo. Kai da ko kirarin Barebari sai an fassara maka, ina ka san na London?”

Aka yi dariya, aka sa na maimaita faifan har sau uku, ina tsaye ina murmushi ana yanka ni. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Malam Ado ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, da aka tashi ya ba ni hannu bai dube ni ba. Mutumin kirki ne, bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Ita ma ba ta gaya wa kowa ba sai mai kitsonta, wadda ƴar Kafin Hausa ce.

Sunan Sarkin Tabarma bai dame ni ba, ɗan kasuwa da tsiya ya saba. Abin da ya dame ni shi ne ranar da dillalin nan ya dawo hannu wofi. Ya ce innarka ta ce a gaya wa Alhajin Kano ita sana’a ta ɗauka tana yi, ashe sadaka take karɓa. Tun daga ranar ba ta sake taɓa kaba ba. Mace ce da take taƙama da hannunta, na raba ta da wannan. Ni kuma ban sake samun dalilin tsayawa gindin tsamiya ba. Na rubuta wa Gemun Masara takarda mai zafi. Ya amsa da murna, wai waƙar ta zagaya duniya, wai mutane suna kuka in ya rera ta, wai ita ce kyauta mafi girma da ya taɓa yi wa wani. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan: ba mugu ba ne. Da mugu ne da na san maganinsa. Shi a ganinsa ya biya ni riga da rago har da gyara.

Sauran nasiha gajeru ne, ka san su. Sallah a kan lokaci ko da ba ka ga rana ba. Ka tambayi naman da ke cikin kowane kwano. In an miƙo maka ƙwaya an ce tana kawo waƙa, ka tuna wanda ta kai gadon asibiti. In ya fasa jitarsa, kai ka rungume taka. In an ba ka takarda ka sa hannu, ka kwana da ita tukuna. Kuma kafin ka hau jirgi ka aika wa innarka saƙo, ko ba ka samu zuwa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Na san yadda zai yi maka. Wata rana zai ba ka labarin tsohonsa da kujerar gefen murhu. An ce tsohon ya rasu bara bai ce masa komai ba, ya yi wa wannan ma waƙa. Zai share hawaye ya zuba maka ido. Kai kuma za ka lalubi abin da za ka mayar masa, sai ka tarar kana da irin nasa sak: uban da ya miƙa ka ga Goggo tun kana rarrafe, wanda bai taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba, wanda bai taɓa kiran sunanka ba sai dai kai, ko yaron nan, ko Na Goggo. Uban da ka zo yi masa sallama za ka tsallaka teku ya juya yana cinikin kifi. In ka ba shi wannan, kafin shekara ta zagayo ana kuka da shi a London, ni kuma ina nan a matsayin tsoho mai kujera na biyu.

Ba zai gane kunyar ɗan fari ba. Na gwada yi masa bayani tun a kwalekwale, da ya tambaye ni me ya sa ba na dubanka in ka kawo mana ruwa. Na ce haka ubana ya yi wa yayana, haka kakana ya yi, abin da ya fi girma a zuciya shi ake kauda kai daga gare shi. Ya girgiza kai ya ce, “Ashe ku ma.” To ba ɗaya ba ne. Amma da na zauna ina tunani bayan ka tafi, sai na ga in shi bai gane ba, ba ni da tabbacin kai ka gane, tunda ban taɓa gaya maka ba.

Ni ɗan kasuwa ne. In na ga wani zai sayi kaya ya ci riba a kaina, nakan riga shi in kwashe. Saboda haka zan ɓata masa cinikin nan tun kafin ka sauka. Ka sani ranar sunanka ni na zaɓi sunan, na raɗa wa liman a kunne, na koma bayan gida na tsaya don kada a ga fuskata. Ka sani duk wasan da ka yi a otal ɗin nan na Kano da aka sa a rediyo na ji, a ɗakin tabarmi nake shiga da rediyon in rufe ƙofa. Hannunka na dama yana gaggawa a kan jita, ka gyara. In ya ce ubanka fa, ka ce lafiyarsa ƙalau, yana gaishe ka, ya ce rigar ta isa haka. Takardar nan kuma kada ka karanta masa ko layi ɗaya, kada ka bar ta a inda zai gani.

Na daɗe riƙe da alƙalami a nan, har Modu ya leƙo ya ce ko biro ya ƙare ne. Allah ya gafarta mini wajen magabata, su ba su yi zamani da masu jita ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare maka imaninka da bakinka, ya sa ka fi ƙarfin sanyinsu da daɗin bakinsu. Allah ya dawo mini da kai ina da rai, Isiyaku.

Mahaifinka,
Garba mai banda